Kun Tambaya: Wa Ke Sa Ido Kan Jami'an Farin Kaya?

Wasiƙun wannan wata kusan duk kan abu ɗaya suka taru, wato dokar da ke tafiyar da hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, da kiraye-kirayen a yi mata garambawul. Mun zaɓi shida daga masu karatunmu na Abuja da kewaye, mun taƙaita su, lauyoyi da masu nazarin harkar tsaro da ke riƙe da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare. Ɗalibai sun tambaye ni wace doka ce ta kafa DSS, kuma me ya sa ake ta kukan ta tsufa amma Majalisa ba ta gyara ta ba. Me zan ce musu? *Wani malami daga Kubwa*

Amsa: Malam, ka faro musu daga 1976. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun shekarar, gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa NSO, hukuma ɗaya da ta haɗa leƙen asirin cikin gida da na waje. Ta yi ƙaurin suna wajen tsare mutane ba shari'a, musamman a 1984 da 1985. A watan Yunin 1986 Janar Ibrahim Babangida ya rushe ta da dokar soja mai lamba 19, ya raba aikinta gida uku: DIA ta riƙe bayanan sirri na soja, NIA ta riƙe na ƙasashen waje, SSS ta riƙe tsaron cikin gida. SSS ɗin ce jama'a ke kira DSS.

Dokar 'yan shafuka ce kawai. Ta ce aikin hukumar shi ne hanawa da gano laifukan da suka shafi tsaron cikin gida, da kare asirin gwamnati wanda ba na soja ba, sai duk wani aikin tsaron cikin gida da Majalisa ko shugaban ƙasa suka ga ya dace. Ba ta fayyace mene ne laifi kan tsaron cikin gida ba, kuma daga wannan giɓi yawancin rigima ke tasowa, don kalmar tana iya ɗaukar mai shirya harin bam, tana iya ɗaukar mai rubutu a Facebook. Shugaban ƙasa ke naɗa shugaban hukumar, gare shi yake ba da bahasi kai tsaye, ba sai Majalisar Dattawa ta tantance shi ba, dokar kuma ba ta yanka masa wa'adi ba. Sashe na 6 ya bar wa shugaban ƙasa ya tsara sauran abubuwa da takardar umarni mai ɗauke da sa hannunsa. Da irin wannan takarda, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar a 1999, jami'an ke kama mutum da binciken gida da ƙarfin babban jami'in ɗan sanda. Ka ga iko mafi nauyi da hukuma za ta riƙe, ikon raba mutum da 'yancinsa, wakilan jama'a ba su taɓa zama sun auna shi ba.

Abin da ya hana gyara kuwa yana sashe na 315(5) na kundin tsarin mulkin 1999. Dokoki huɗu aka sa a can aka datse: ta yi wa ƙasa hidima, ta hukumar karɓar koke-koken jama'a, ta amfani da filaye, da wannan ta hukumomin tsaro. Ba a taɓa ko ɗaya sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa, wato sashe na 9(2): sanatoci 73 cikin 109, 'yan Majalisar Wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. A lura da kyau, kashi biyu cikin uku na dukkan mambobi ake nufi, ba na waɗanda suka zo zama ba, saboda haka duk kujerar da mai ita bai zo ba tamkar ƙuri'ar ƙi ce.

Hanya uku ce a buɗe. Mafi sauri ita ce shugaban ƙasa ya fitar da sabuwar takardar umarni ƙarƙashin sashe na 6; a rana ɗaya za a gama, amma wanda ya gaje shi ma a rana ɗaya zai iya soke ta. Ta biyu, Majalisa ta yi doka ta daban kan sa ido da karɓar koke, ba tare da ta taɓa ko harafi a dokar 1986 ba. Wannan rinjaye na yau da kullum ya ishe ta, sai dai a yi hattara wajen rubutu, don idan ta rage wani iko da tsohuwar dokar ta bai wa shugaban ƙasa, za a garzaya kotu a ce gyara ne ta bayan fage. Ta uku ita ce a cire dokar daga sashe na 315(5) gaba ɗaya, ta koma doka kamar kowace. A ganinmu nan ne maganin yake. Ba abu ne da ya gagara ba: a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan gyare-gyaren kundi 16 da suka bi wannan doguwar hanya, har da wanda ya ba jihohi dama kan lantarki da jirgin ƙasa.

Tambaya: Idan jami'an tsaro suka tafi da ɗan'uwan mutum, kwana nawa doka ta yarda su riƙe shi? Mu dangi me ya kamata mu yi, kuma ta ina za mu fara? *Wata uwa daga Nyanya*

Amsa: Hajiya, Allah ya kiyaye mu da namu. Sashe na 35 na kundi ya hau kan kowace hukuma, mai kaki da mai farin kaya. Cikin sa'a 24 dole a faɗa wa wanda aka kama dalili a rubuce, da harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har ya ga lauya. Idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40, cikin kwana ɗaya za a kai shi gabanta. Idan babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. A Abuja maganar nisa ba ta taso ba. Sassauci ɗaya da kundin ya yi wa hukuma shi ne kan laifin da hukuncinsa kisa ne.

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda ke aiki a Abuja da kotunan tarayya, ta ƙara da cewa hukumar da ke riƙe da mutum ita za ta sanar da danginsa, ba da kuɗinsu ba. Ta hana kama mata a madadin miji ko uba a madadin ɗa. Ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki.

To ta ina tsarewar wata da watanni ke shigowa? Ta ƙofa biyu. Hukuma na iya zuwa gaban majistare ta karɓi izinin ajiye mutum na kwana 14, ana iya sabuntawa. Idan kuma zargin ta'addanci ne, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta ba kotu damar ba da kwana 60, shi ma ana sabuntawa, kuma ana neman izinin ne a bayan idon wanda aka kama. Alƙali takardar rantsuwar hukuma kawai yake gani. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da suka fi buƙatar gyara: izinin farko ya iya zama a sirrance idan akwai haɗari, amma kada a sabunta sai an kawo mutumin alƙali ya gan shi da idonsa, lauyansa ya yi magana, kuma a sa iyakar da ba za a wuce ba.

Abin yi tun ranar farko shi ne a rubuta komai kafin a manta: rana, lokaci, wuri, adadin mutanen, irin mota da lambarta, abin da suka ce, abin da suka ɗauka kamar waya ko kwamfuta, da waɗanda suka gani. Washegari lauya ya rubuta wa hukumar da ake zato wasiƙa yana neman ganin mutumin, ya tabbata an buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, su yi ta zarya bakin ƙofa da baki kawai, ranar shari'a a ce babu wanda ya zo nema. A kai kwafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Maitama, wadda doka ta ba ikon shiga wuraren tsare mutane. Wanda ba shi da halin lauya ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnati.

Idan kwana biyu suka wuce shiru, a shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotun Tarayya ko ta birnin tarayya. Ƙa'idojin shari'ar tauye haƙƙi na 2009 sun yarda ɗan'uwa ya yi rantsuwa a madadin wanda ke tsare. A sa sunan hukumar da na Antoni Janar na tarayya, a roƙi abu uku a sarari: a fito da shi gaban kotu, a sake shi ko a gurfanar da shi, a biya diyya. Kuma Hajiya, duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi yana da hanya a ciki, a guje shi. Kuɗin sun tafi, kwanakin da ya kamata a ce ana kotu su ma sun tafi.

Tambaya: Mun karanta shari'o'in da kotu ta ba da beli amma aka ci gaba da riƙe mutum. Sashe na 287 na kundin tsarin mulki ya ce kowa ya bi hukuncin kotu. Me ya sa bai isa ba? *Ɗalibin shari'a daga Gwagwalada*

Amsa: Ɗalibi, ka taɓo inda ke ciwo. Kanal Sambo Dasuki ya zauna a tsare daga Disambar 2015 zuwa 24 ga Disambar 2019, duk da belin da kotuna suka ba shi da hukuncin kotun ECOWAS na 2016. A Disambar 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da mai ɗakinsa cikin kwana 45. Sai a Yulin 2021 suka fita, bayan babbar kotun Kaduna ta sallame su. Ko mutum na goyon bayansu ko yana adawa da su, tambayar ɗaya ce: maganar alƙali ce ta ƙarshe ko ta jami'i?

Matsalar a kayan aikin tilastawa take. Mai son a hukunta wanda ya raina kotu sai ya fara da fom 48, takardar gargaɗi, sannan fom 49, mai kiran jami'in ya zo ya faɗi dalilin da ba za a ɗaure shi ba. Ana son a miƙa su hannu da hannu. Masinjan kotu kuwa iyakarsa bakin ƙofar hedikwata, inda za a ce masa oga ba ya nan. Ko an ba da umarnin kamu, wata hukumar tsaro ce za ta zartar, kuma uban gidansu ɗaya. Diyya ma haka: sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya yarda, alhali sau da yawa shi ne wanda aka yi ƙara.

Ya kamata a yi sabuwar doka da za ta rubuta abu huɗu ƙarara. Miƙa takarda ga sashen shari'a na hukumar ya wadatar. Da zarar an gurfanar da mutum, ya koma hannun gidan gyaran hali, don mai bincike bai kamata ya zama mai riƙe da makullin ɗakin ba. Ƙin bin umarnin saki bayan sa'a 24 ya zama laifi a wuyan jami'in da ya sa hannu, da sunansa. Sannan a cire sharaɗin yardar Antoni Janar a shari'ar tauye haƙƙi. Akwai ma abin da ba ya jiran gyara: sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya riga ya ɗora wa alƙalan babbar kotu ziyartar wuraren tsarewa na hukumomin tarayya, sashe na 29 kuma ya ce duk wata uku a aika wa Antoni Janar jerin waɗanda aka kama. A fara da aiwatar da waɗannan.

Tambaya: Da gaske ne ana iya sauraron wayar mutum? Wa ke ba da izini? *Ɗan kasuwa daga Wuse*

Amsa: Alhaji, ana iya yi, kuma doka ta san da haka. Sashe na 37 na kundi ya kare sirrin gida da wasiƙa da hirar waya, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita saboda tsaro. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ce sai alƙali ya ba da takardar izini, sai dai a halin gaggawa ana iya farawa, a nemi izinin cikin sa'a 48. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta wajabta wa kamfanonin waya ajiye bayanan kira na shekara biyu: wa ya kira wa, yaushe, na tsawon wane lokaci. Tunda an haɗa layi da lambar NIN, waɗannan bayanai kaɗai sun isa su nuna wa kake hulɗa da shi ba tare da an ji muryarka ba.

Raunin tsarin a bayyane yake. Ƙa'idoji ne na hukuma, ba dokar da Majalisa ta tafka muhawara a kai ba. Wanda aka saurara ba zai taɓa sani ba, don haka ba zai taɓa kai ƙara ba, kuskure kuma ba zai taɓa fitowa ba. A Fabrairun 2021 kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta ce dokarsu ta saɓa wa kundi saboda irin wannan, har da rashin kariya ta musamman ga lauyoyi da 'yan jarida. Mu ma a sa wajabcin sanar da mutum bayan an rufe bincike, sai fa in alƙali ya ɗage. A goge abin da bai shafi zargin ba cikin lokaci sananne. Kuma duk shekara a buga alƙaluma kawai, izini nawa aka nema, nawa aka bayar, nawa aka ƙi.

Tambaya: Ƙasa na fama da Boko Haram da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, ku kuna maganar ɗaure wa jami'ai hannu. Sirri idan ya shiga Majalisa ai ya shiga kasuwa. Ba ku ganin wannan gyara zai raunana mu? *Tsohon soja daga Karu*

Amsa: Baba, mun gode da hidimar da ka yi wa ƙasa, kuma tsoronka na da tushe. Mutanen Nyanya ba su manta bam ɗin tashar mota na Afrilun 2014 ba. Akwai jami'an da ke kwana a waje don kada a maimaita, kuma yawancin nasararsu ba a jin ta. Babu mai hankalin da zai ce a karanta sunan mai kawo rahoto a zauren Majalisa.

Amma duba inda ƙarfin hukumar ya tafi a wasu lokuta. Ranar 7 ga Agustan 2018 jami'ai rufe da fuska suka tare ƙofar Majalisar Tarayya, har Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura, a ranar. A Afrilun 2017 EFCC ta gano sama da dala miliyan 43 a wani gida a Ikoyi, NIA ta ce nata ne, daga baya aka sallami shugabanta. Duk biyun sai da abu ya fashe aka sani. Jami'in da aka tura ƙofar Majalisa an ɗauke shi ne daga wani aikin. Kuma leƙen asiri da bakin jama'a yake rayuwa: mai shayi, ɗan acaɓa, mai unguwa. Ranar da suka ga wanda ya kai rahoto shi aka riƙe, sun kama bakinsu ke nan. Mai gadin da aka rubuta masa ɗakunan da zai shiga ya fi samun amanar mutanen gida.

Sauran ƙasashe sun sha wannan muhawara. Amurka ta yi binciken Majalisar Dattawa a 1975, ta kafa kotun ba da izinin sauraro a 1978. Ingila ta yi wa MI5, hukumarta ta leƙen asirin cikin gida, doka a 1989, ta kafa kwamitin majalisa a 1994, kuma har yau MI5 ba ta kama mutum, 'yan sanda ke yi. Kenya a dokarta ta 2012 sai majalisa ta amince da shugaban hukumar. Afirka ta Kudu tana da sufeto mai zaman kansa wanda sai kashi biyu cikin uku na majalisa sun yarda da shi, duk da haka kwamitin Sydney Mufamadi na 2018 ya gano an karkatar da hukumarsu zuwa rikicin jam'iyya. Darasin can shi ne ofis a takarda bai isa ba, sai yana da kasafinsa, da ma'aikatansa, da ikon buɗe kowane fayil.

Maganar fallasa kuwa da tsari ake magance ta. Kwamiti ƙarami, mutum tara zuwa goma sha ɗaya daga majalisun biyu, da 'yan adawa a ciki, kowa an tantance shi ya yi rantsuwa, ana zama a ɗakin da ba a shiga da waya, ba a fita da takarda, wanda ya fallasa ya fuskanci ɗauri. Ba ya tsoma baki a aikin da ke gudana, bayan an gama yake dubawa. Kuɗi ma haka: wasu zaɓaɓɓun ma'aikatan babban mai binciken kuɗi na tarayya su duba rasit a sirrance, jama'a su ga jimilla kawai.

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matasa na son ba da gudummawa idan Majalisa ta zo gyara wannan doka. Yaya ake yi? *Wata matashiya daga Lugbe*

Amsa: 'Yar'uwa, bayan karatu na biyu ake miƙa ƙudiri ga kwamiti, shi ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a, ana kuma sanarwa a jaridu da ranar rufe karɓar takardu. Ku nemi kwafin ƙudirin wajen akawun kwamiti tun da wuri. Takardarku kada ta wuce shafi uku ko huɗu. Kada ku cika ta da koke. Ku kawo lambar sashe, abin da ya ce, abin da kuke so ya ce, da dalili a layi biyu. Misali, maimakon "a daina tsare mutane barkatai", ku rubuta: "Kada a sabunta izinin tsarewa sai an kawo wanda ake zargi gaban alƙali tare da lauyansa." Irin wannan akawu zai iya ɗauka ya dasa kai tsaye.

Ku sa ido kan kalmomi biyu a duk daftarin da aka kawo. Inda aka rubuta hukuma "na iya" yin abu, ba dole ba ne. Ku nemi a mayar "dole ne", a sa wa'adi da hukuncin saɓawa. Inda kuma aka ce "duk da abin da wata doka ta tanada", ku duba wace kariya ake son tsallakewa, musamman dokar hana azabtarwa ta 2017, mai hukuncin ɗaurin da ya kai shekara 25. Idan gyaran na sashe na 315(5) ne, aikin bai ƙare a Abuja ba. Birnin tarayya ba shi da majalisar jiha, ƙuri'u 24 ɗin a jihohi suke, saboda haka kowane ɗan ƙungiya ya kai kwafin takardar ga ɗan majalisar mazaɓarsa ta gida kafin ƙudirin ya isa can.